Dokar Aljihu: A Faɗi Sharaɗi Kafin A Zuba 'Ya'yan Dara

Ni mutumin Malanbil ne, garin da ke bakin kogin Kwara a arewacin Jamhuriyar Benin, wanda gada ɗaya ce ta raba shi da Gaya ta Nijar. Sana'ata sayar da buhunan wofi da igiya ga 'yan albasa da 'yan hatsi, kuma a gaban rumfata akwai benci biyu da wani tsohon teburi da ya fi wasu daga cikin masu zama a kansa shekaru. A kan teburin nan ake buga dam, wanda mutanen Najeriya ke ce wa diraf, a kansa ake raba katin Whot, a gefensa kuma dattawa ke tona gurabun dara a cikin yashi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata ɗabi'a ce da na daɗe ina gani a wajen nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, ɗabi'ar da na laƙaba wa suna dokar aljihu. Ita ce dokar da mutum ke ɓoyewa har sai ya ga za a cinye shi, sannan ya zaro ta ya ce ai haka ake yi.

Bari in fara da abin da ya faru a idona. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a garinmu, direbobi da yaran mota suka wayi gari ba su da aikin yi sai jira. Ba a taɓa buga wasa a gaban rumfata kamar a watannin nan ba. Wata rana da la'asar wani matashi ɗan Kamba, yaron motar shinkafa, ya zauna da wani dattijo tsohon malamin makaranta wanda duk unguwa ke shakkar hannunsa a dam. Yaron nan ya iya wasa, ya matse dattijo sosai. Can sai hanya biyu ta ci ta buɗe masa: ko ya ci 'ya'ya biyu ta hagu, ko ya ci ɗaya ta dama ya shiga gidan sarauta. Ya zaɓi ɗayan. Dattijo ya riƙe masa hannu ya ce, "Yaro, ba a haka. Dokar duniya ta ce inda ci ya fi yawa nan za ka bi." Yaron ya ce, "Baba, mu a wajenmu mutum zaɓa yake yi." Kafin ya rufe baki dattijo ya sa hannu ya ɗauke ɗan da ya kamata ya yi cin, ya hura masa iska, ya ajiye a gefe, wai hukuncin wanda ya ƙi ci ke nan.

To, a nan gizo ke saƙar. Gaskiya ne a dokar dam ta duniya, wadda ake bugawa a allo mai gida 100 kowa da 'ya'ya 20, dole ne ka bi hanyar da ta fi yawan ci. Amma a wannan dokar dai babu hura ɗa a ɗauke, an daɗe da soke ta. Abin da ake yi shi ne a ce ka mayar ka sake. Hura ɗa al'adar bakin titi ce. Wato dattijon nan ya ɗebo rabin doka daga littafin Turawa, ya ɗebo rabi daga tasha, ya haɗa wadda za ta fisshe shi. Yaron ya miƙe ya kife allon. Nan take aka bar maganar wasa aka koma "ku 'yan Najeriya ba ku san doka ba" da "ku 'yan Faransa kun cika wayo." Mutanen da suka shafe makonni suna cin tuwo a kwano ɗaya suka kwana uku ba sa gaisawa. Yaron nan bai sake zama a bencina ba har ranar da suka juya da motarsu. Duk wanda ya ce mini wasa ne kawai, ba abin ɗaga murya ba ne, sai in tuna masa wannan yammacin.

Maganin wannan cuta na same shi a inda ban taɓa zato ba. Ɗan ƙanena da ke karatu a jami'ar Abomey-Calavi ya zo hutu da wasu takardu da ya buga daga intanet, taswira ce mai gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, ya tara marafan kwalba ya ce waɗannan su ne mayaƙansa. Na yi masa dariya, na ce yaro an tura ka karatu ka dawo da wasan yara. Ya ce, "Kawu, zauna ka gani tukuna." Sunan wasan BattleTech. Wani kamfani a birnin Shikago na Amurka mai suna FASA ne ya fito da shi a 1984 da sunan Battledroids, aka sauya masa suna a bugu na biyu domin kalmar da ke ƙarshen sunan mallakar kamfanin Lucasfilm ce, masu finafinan Star Wars. Labarin wasan yana faruwa ne a ƙarni na 31, inda ake yaƙi da wasu manyan mutum-mutumin ƙarfe masu tafiya da ƙafa biyu, mutum na ciki yana tuƙawa, nauyinsu daga tan 20 zuwa tan 100. Kowane gida a taswira yana matsayin mita 30, kowane zagaye daƙiƙa 10. Ana jefa dayis biyu irin na ludo don a san ko harbi ya samu, kuma kowane mutum-mutumi yana da takardarsa inda ake soke sulkensa ɗigo-ɗigo. Abin da ya fi burge ni shi ne zafi: in ka cika harbi da gudu injinka zai yi zafi, ya mutu a tsakiyar fili, ko harsashin da ke cikinsa ya fashe da kai. Duk direban da ya taɓa hawa tudu da lodi a watan Afrilu ya san wannan lissafin.

Ba wasan ne ya dame ni ba, ni da na kusa aurar da jika ba zan koma tura marafan kwalba ba. Yadda suka tsara dokokinsu ne ya tsaya mini a rai. Wasan da ya haura shekara 40 ana bugawa dole mutane su yi ta ƙirƙiro sababbin abubuwa. Wani zai ce me zai faru in ana ruwan sama? Wani ya ce in daji ya kama da wuta hayaƙi ya rufe fili fa? Wani yana son binne nakiya, wani yana son igwa mai harbi daga nesa, wani yana son a yi wasan a makance yadda ba ka ganin abokin gaba sai alƙali ya ce ka hango shi. Masu wasan ba su hana kowa ba, kuma ba su cusa komai cikin doka ɗaya ba. Sai suka raba littattafai. Akwai littafin tushe, kamar Total Warfare da ya fito a 2006, shi ne abin da ake bi a gasa. Sannan akwai littattafan ƙari, irin su Maximum Tech na 1997 da Tactical Operations na 2008 wanda kamfanin Catalyst Game Labs ya buga, mai shafi sama da 400, cike da hazo da iska da taɓo da ƙanƙara da wuta da nakiya. Har matakai suka yi wa dokokin: na masu koyo, na gasa, na ƙwararru, da na gwaji wanda ba a gama tabbatar da ingancinsa ba.

Sharaɗin da ke riƙe da wannan gini duka guda ɗaya ne. Dokar da ke cikin littafin ƙari ba ta aiki sai duk waɗanda ke teburin sun amince da ita kafin a fara. In ba a ambace ta ba, babu ita. Ko da ka haddace shafi 400 ɗin nan kamar karatun allo, ba ka da ikon tsayar da wasa a tsakiya ka ce ai akwai hazo don haka harbinka bai same ni ba. Za a ce maka da ka faɗa tun farko. Da ɗan ƙanena ya gama yi mini bayani sai na ce, ashe mutanen da ke wasa da mutum-mutumin da babu shi a duniya sun fi mu da ke wasa da duwatsun gaske sanin hakkin abokin zama.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yaƙi da ƙarin doka ne. Ko kusa. Dubi Whot. Wani Bature ne ɗan Ingila, William Henry Storey, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, kamfanin Waddingtons ya yaɗa shi. Kati 54 ne, da alamomi biyar: da'ira, kusurwa uku, giciye, murabba'i da tauraro, sai katunan Whot masu lamba 20, kuma babu lamba 6 da 9 a ciki. A asalinsa wasa ne mai sanyi, ka bi alama ko ka bi lamba. Yau je ka ga yadda ake buga shi daga Legas har Sakkwato har nan bakin gada: 2 ɗauki biyu, 5 ɗauki uku, 8 a tsallake na gaba, 1 ka sake sakawa, 14 kowa ya je kasuwa. Waɗannan su ne gishirin wasan, su ne ke sa a yi ihu a yi dariya, kuma su suka sa Whot ya zama na Najeriya fiye da na ƙasar da ta haife shi. Cire su ka ga ko yara za su zauna. Saboda haka ƙari alheri ne, shi ke raya wasa.

Amma a Whot ɗin nan ne dokar aljihu ta fi yin ƙiba. Ana tare ɗauki biyu da wani 2, ko ba a tarewa? In an tare, na gaba huɗu zai ɗauka ko biyu? Lamba 5 tana aiki ko kati ne kawai? Ana iya gama wasa da katin Whot, ko da 14? Wanda ya manta bai sanar da katinsa na ƙarshe ba, nawa zai ɗauka? In kasuwa ta ƙare aka zo ƙirga, tauraro ninki biyu ne? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan tana da amsa biyu ko uku, kuma kowace amsa akwai garin da ake bin ta. Ba laifi. Laifin shi ne na san mutum, kuma kai ma ka san irinsa, wanda in 2 na hannunsa to ana tarewa, in ba ta hannunsa to "mu ba mu san wannan ba." Ranar Talata dokarsa daban, ranar Laraba daban. Irin wannan mutum ba mai kishin al'adar garinsu ba ne, ɓarawon zaune ne da ya sami rigar fakewa.

Garinmu ya fi ko'ina bukatar wannan magana. Kasuwar Malanbil tana cikin manyan kasuwannin Benin, da yawa na cewa daga Dantokpa ta Kwatano sai ita. Dendi ne masu gari, ga Zabarmawa, ga Hausawa, ga Fulani, ga Bariba daga wajen Kandi, ga Yarabawa da Fon da Ibo. Mutum zai karya kumallo a Kamba, ya yi azahar a Gaya, ya kwana a nan. Ko bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, da gadar ta ci gaba da zama a toshe ta ɓangaren Nijar, jiragen ruwa ba su daina kawo mana baƙi ba. Kowane baƙo da dokar da ya tashi da ita yake zuwa, kuma a wajensa ita ce gaskiya domin ita ya gani a hannun ubansa. A ƙauyen da kowa ya san kowa ana iya zama ba a faɗi sharaɗi ba, tunda duk kai ɗaya ne. A garin iyaka yin shiru tarko ne, kuma kullum baƙo da yaro ne ke faɗawa ciki, domin in gardama ta tashi jama'ar benci bayan ɗan gari da mai furfura suke bi.

Na san masu ja da ni, kuma kashi uku ne. Kashi na farko su ne dattawan "haka muka gada." Suna cewa dara ba ta bukatar takarda, duk ɗan halas ya san dokarta. To bismilla, mu gwada. Gurbi 30 ne, layi biyar a shida, kowa da 'ya'ya 12, ana zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Har nan babu gardama. Amma in mutum ya jera huɗu fa? Na zauna da waɗanda suka ce haramun ne ma ka tura ɗan da zai cika huɗu, na zauna da waɗanda suka ce ka tura abinka sai dai ba ka ci komai ba. Ana cin ɗan da ke cikin jerin uku na abokin wasa, ko yana da kariya? Wanda ya sami wurin da yake kai da komo da ɗa guda yana ci a kowane motsi, ana barinsa har ya share fili ko akwai iyaka? Na yi wa dattawa uku waɗannan tambayoyi a rana ɗaya, ɗaya daga Gaya, ɗaya daga Argungu, ɗaya haifaffen nan, na sami amsa iri uku, kowanne kuma yana rantsuwa tasa ce ta kaka da kakanni. Dukansu gaskiya suka faɗa. Gadon ne ya zo da rassa. Wanda ya ce reshensa kaɗai ne itacen, ko dai bai yi tafiya ba ko kuma yana da abin da yake ɓoyewa.

Kashi na biyu su ne 'yan boko irin dattijon da ya kori yaron Kamba, masu cewa a zubar da duk dokokin tasha a bi ta duniya. Ina girmama dokar duniya. Hukumar dam ta duniya an kafa ta tun 1947, kuma da dokarta ne Baba Sy na Senegal ya gagari Turawa har aka amince shi ne gwarzon duniya na 1963, duk da cewa amincewar ta zo bayan rasuwarsa. Yaron da ke son ya kai can dole ya koyi wannan dokar, kuma zalunci ne a bar shi bai san ta ba. Amma bencin gaban rumfata ba gasar duniya ba ce. Dokar da aka rubuta a Turai ba ta sauka a kan teburina da kanta, sai mun ɗauko ta mun ce yau ita za mu bi. Ko ƙwallon ƙafa da kowa ke kallo haka take. Na'urar VAR ta shiga littafin dokokin ƙwallo a 2018, amma ba kowace gasa ke amfani da ita ba, masu shirya gasa ne ke yanke shawara kafin a fara. Ka taɓa ganin an tsayar da wasan unguwa a minti na 80 wani ya ce a kawo talabijin a duba? Wanda ya zaro dokar duniya a tsakiyar wasan da ba a fara da ita ba, shi ma dokar aljihu ya yi, sai dai aljihunsa na kwat ne.

Kashi na uku su ne masu cewa faɗin sharaɗi yana kashe daɗin wasa, wai gardamar ma ai tana cikin nishaɗi. Waɗannan sun fi ba ni haushi, domin yawanci su ne masu babbar murya waɗanda gardama ke yi wa riba. Akwai gardama mai daɗi, ita ce ta "da ka tura wancan da ka ci shi," wadda 'yan kallo ke yi bayan an tashi. Wannan ba ta raba kowa da kowa. Gardamar da ake yi a kan ko an cuce ni ko ba a cuce ni ba, ba ta taɓa ƙarewa da dariya. Kuma faɗin sharaɗi bai kai tsawon gaisuwa ba. Mu da muke tambayar gida da iyali da gajiya da sanyi da kasuwa kafin mu shiga magana, numfashi uku na "ana tare biyu, biyar ba ta aiki, ba a gamawa da Whot" ne zai gagare mu? A ciniki mun san wannan sarai. Babu ɗan albasar da zai loda mota sannan ya tambayi wa zai biya 'yan dako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Adalci ne in faɗi aibin tsarin Turawan ma, kada a ce na ga baƙo na raina na gida. Littattafan ƙari kasuwanci ne, kamfani na son ka saya, kuma kowane sabon littafi yana ƙara wa mai kuɗi da mai lokacin karatu fifiko a kan wanda ba shi da su. Ɗan ƙanena da kansa ya ce akwai masu wasan da in suka jibga dokokin ƙari, faɗan mutum-mutumi takwas sai ya cinye yini guda, rabin lokacin ana buɗe shafi ana neman jadawali. Akwai kuma lauyoyin teburi, masu lallaɓa sabon shiga ya amince da dokar da bai fahimta ba, alhali sun san su za ta taimaka. Wannan ma cuta ce, domin amincewar wanda bai gane ba ba amincewa ba ce. Ba na fatan dara ta zama littafi mai shafi 400. Darar da yaro zai tona da yatsa a bakin kogi, ya tsinci duwatsu da karare ya fara, ta fi duk wani wasan kwali arha da 'yanci. Abu ɗaya kawai nake so mu ara: bambancewa tsakanin tushe da ƙari, da kuma cewa ƙari ba ya hawa kan kowa sai da yardarsa.

Ga abin da na yi a rumfata, kuma ina kira ga duk mai benci da mai shayi da shugaban tasha ya gwada. Na sami bayan kwalin taliya na rubuta da boko da ajami, ɗan ƙanena ya ƙara da Faransanci. A sama na sa tushen kowane wasa, abin da babu mai gardama a kai. A ƙasa na jera abubuwan da ake saɓani, kowanne da lamba. Na dam guda uku ne: tilascin bin ci mafi yawa, hura ɗa, da ko ɗan da ya ratsa gidan sarauta yana cikin ci ya zama sarki ko ya wuce. Na Whot shida, na dara uku. Sai sharuɗɗa huɗu a ƙarshe. Na ɗaya, kafin a taɓa ɗa ko a raba kati, masu wasa su faɗi lambobin da suka ɗauka a gaban shaida. Na biyu, abin da ba a faɗa ba babu shi, ko da limamin gari ne ya tuna da shi daga baya. Na uku, in ɗan gari ya zauna da baƙo, nauyin faɗa a kan ɗan gari yake, in ya yi shiru to dokar baƙo ce ke aiki. Na huɗu, wanda ya zo da sabuwar dabara ta kansa muna maraba, amma a buga ta a matsayin gwaji, kowa ya sani, kuma ba a ƙirga wannan wasan a cikin na gaske.

Sharaɗi na uku ne ya fi jawo mini surutu. Wani Alhaji ya ce, "Malam, wanga ai ka ba baƙo wuƙa da nama." Na ce Alhaji, ban ba shi komai ba, bakinka na hannunka, ka buɗe shi kafin a fara ka riƙe wuƙarka. Wanda ya san hanya shi ke da alhakin nuna rami. Abin mamaki, tun da aka kafa kwalin nan dokokin ƙari ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi. Yanzu sai ka ji matasa na cewa yau mu buga irin ta Gaya, gobe irin ta Kamba. Wani yaro ɗan makaranta ya roƙi tsohon malamin nan ya koya masa dokar duniya tsantsa, suna bugawa duk yammacin Asabar, kuma in ya yi kuskure mayarwa ake yi a sake, ba a hura masa ɗa. Mutanen da ke ɓoye dokarsu kamar laya sun koma alfahari da ita suna koyar da ita. Mutum biyu ne kawai suka daina zuwa, kuma duk benci ya san dalili.

Akwai wani abu da ya fi gardamar benci girma. Dara tana tafiya. Yaranmu sun koma ludo da ƙwallo a waya, inda na'ura ce ke riƙe doka, ba ta da aljihu, ba ta san babba ko ɗan gari ba. Na tambayi wasu me ya sa ba sa zama da dattawa, ɗaya ya ce, "Baba, in ka ci su sai su ce ba haka ake yi ba." Wannan amsa ta fi mari zafi. Mun ɗora wa waya laifin da rabinsa namu ne. Duk dattijon da ya rasu yana tafiya da reshen darar garinsu, babu wanda ya rubuta, domin mun ɗauka doka ɗaya ce kowa ya sani. Ina roƙon marubutanmu da ɗaliban Hausa a Sakkwato da Yamai da Kano, duk wanda ya je gida hutu ya zauna da tsofaffin unguwarsu ya rubuta yadda suke bugawa: gurbi nawa, 'ya'ya nawa, hukuncin jerin huɗu, sunayen da suke kiran kowane motsi. Kada ya gyara, kada ya zaɓi wadda ta fi. A tara su yadda suke, tushe a gaba, rassa a baya, kowane reshe da sunan garinsa. Shafi 20 ya isa. In mutanen Shikago sun iya tattara dokar hazo da hayaƙi saboda yaƙin da ba a taɓa yi ba, mu ba mu da uzurin barin wasan da kakanninmu suka buga a kan yashin kogin nan ya bi ruwa.

Shi kuwa yaron Kamba, ban san inda yake ba yanzu. In wannan rubutu ya kai gare shi ko ga wanda ya san shi, a gaya masa ranar nan shi ke da gaskiya, ni kuma da nake zaune ina kallo na yi shiru saboda kunyar furfura, ban kyauta ba. Benci na nan, kwali na rataye a jikin ginshiƙi. In ya zo shi zai fara faɗin lambobin da yake so. Allah ya sa mu gyara.